Muryar Sa'a a Cikin Kwamfuta

Sa'a ba ta taɓa shiga aji ba. An haife ta a wani ƙauye kusa da Bunkure tun kafin a haƙa kanal na ban-ruwa, lokacin da maza ke tafiya cin rani su bar mata da kaɗi da daka. Tana tasowa ruwan Tiga ya iso, ƙasa ta koma kore rani da damina, maza suka daina tafiya. Aka aurar da ita ga Muhammadu Sani, wanda kowa ke kira Baballe, manomin shinkafa da tumatir, mutum mai saurin fushi da saurin hucewa. Ita kuma ta kama sana'ar da matan wajen suka kama, turara shinkafa. A kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, ta jiƙa, ta ɗora a rabin ganga, ta hura wutar ɓuntu, ta sauke ta shanya, sannan a kai inji. Hayaƙi ya rine mata ido, zafi ya cinye mata gashin hannu. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi, ana jin kowane harafi.

Mace ce mai kunya irin ta da. Tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, Malam take ce masa. 'Yarta ta fari, Khaulat, ita ma haka. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane. In ta kama dole sai ta ce "waccan". Kakar yarinyar ce ta raine ta har ta rasu, sannan ta dawo ɗakin uwarta.

Waccan ɗin ce ta tafi jami'a a birni. Yayan Baballe, Dattijo, wanda shi ne babba a gidan, bai so ba. Baballe ya dage, ya ce a bar ta ta yi wannan ɗaya, in ta gama shi ke nan, in ta faɗi babu ƙari. Kimiyyar harshe ta karanta, da Faransanci, kuma tana zuwa sashen kwamfuta tana koyon rubuta wa na'ura umarni. In ta zo hutu aka tambaye ta me take karantawa, sai ta yi ta bayani har mai tambaya ya gaji ya ce Allah ya taimaka. Yajin aikin malamai ya ja karatun ya yi tsawo, sai a ranin 2007 ta kai ga aikin kammalawa, wanda ba a ba ɗalibi digiri sai ya yi shi ya kare shi a gaban malamai.

Aikin nata shi ne ta sa kwamfuta ta yi magana da Hausa: a rubuta mata jimla, ta karanta a ji. Malamin da ke duba ta ya ce sai an samu muryar mutum ɗaya, wadda Turanci bai gurɓata ba, a ɗauka a yayyanka ta gutsi-gutsi, na'ura ta riƙa harhaɗa gutsattsarin tana yin kalmomi. Khaulat ta zo gida ta roƙi uwarta.

Sa'a ta ce, "Ki tambayi Malam."

Baballe ya ɗauka irin kaset ne na rediyo, ya ce ba komai. Haka aka yi ta yi, duk sanda ta leƙo gida. A rufe ɗaki, a rataya barguna a ƙofa da taga, Khaulat ta faɗa Sa'a ta maimaita. Yawanci ba ma kalmomi ba ne. Tabata, tibita, takata, abin da ko yaro ba zai faɗa ba. Sa'a ba ta taɓa tambayar amfaninsu ba. Tana gamawa ta goge zufa ta koma bakin ganga.

Saura makonni kaɗan a kare aiki, Khaulat ta zo da kwamfutar tafi-da-gidanka ta aro daga sashensu. Ana so ta gwada wa mutanen gari, a ga ko suna gane abin da na'urar ke cewa. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a zaure. Baballe ya kira Dattijo da liman da maƙwabta, don yana son a ga abin da 'yarsa ta iya.

Sa'a tana tsakar gida tana juya shinkafa a shanya, sai ta ji kanta tana magana daga zaure.

"Sannunku da aiki. Ruwa ya iso gona."

Muryarta ce, ba shakka, sai dai a sandare, kamar wadda aka tasa daga barci. Ta tsaya da mataurin da take juya shinkafar da shi a hannu. Ta ji maza suna salati, liman yana cewa a sake. Aka sake. Wani ya ce a sa ta ta yi ƙirga, ta yi.

Sai ta ji muryar Mudassiru. Ɗan ƙanwar Baballe ne, dillalin tumatir a Kwanar Gafan, magidanci da 'ya'yansa amma bakinsa bai girma ba. Taubashin Khaulat ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Ke 'yar boko, ƙarya kike. Kin riga kin ɗauka kin ajiye, kina danna mana."

"To kai ka rubuta, in ka iya. Ko sai lissafin kwando?"

"Ni da na yi sakandare kina goye? Matsa."

Ta matsa. Wannan shi ne kuskurenta, kuma duk karatunta bai hango mata shi ba. Aka ji ƙas-ƙas, yana neman haruffa da yatsa ɗaya. Sannan muryar Sa'a ta fito tar, har waje:

"Baballe, tashi ka ba ni wuri."

Samari da ke leƙe a bakin ƙofa suka fashe da dariya. Wani tsoho ya yi dariya ya haɗiye ta. Matan da suka zo karɓar shinkafa suna tsaye a gabanta, duk sun ji, kowacce ta kau da kai.

Dattijo ne ya fara magana.

"Baballe, muryar wa na ji?"

"Ka sani, Yaya."

"Baffa, wallahi ba ita ta faɗa ba," in ji Khaulat. "Na'urar ce ta harhaɗa. Inna ba ta taɓa..."

"Kunnena ya ji. Kunnen liman ya ji. Wato duk abin da aka rubuta za ta faɗa?"

"E, Baffa."

"Da zagi?"

Bai jira amsarta ba.

"Da shaidar zur? Wani ya rubuta cewa uwarki ta ce an sayar da gona, ya kai wa alƙali? Kuma wannan za ki ɗauka ki kai birni ki kunna wa maza?"

Dattijo ba wawa ba ne, kuma tambayarsa ba ta banza ba ce. Ya yanke hukunci a wurin: a goge, kuma muryar mace daga gidan nan, ko ta Sa'a ko ta ita Khaulat ɗin, ba za ta shiga wannan abu ba. Mudassiru ya fara cewa, "Kawu, wasa ne fa," Baballe ya daka masa tsawar da ta sa ya fita ba takalmi.

Baballe ya shigo tsakar gida da kwamfutar a hammata, Khaulat na binsa.

"Baba, in na goge ba ni da aiki. Shi ke nan aikin."

"Ki goge."

"Malamin da ke duba ni zai tafi ƙarin karatu waje ƙarshen zangon nan. Babu wani da ya san wannan fanni. In ban kare bana ba..."

"Na ce ki goge. Kuma ki rantse babu wani a ɓoye."

Akwai, a faifai guda. Da ta yi shiru da babu mai sani, amma an sa ta rantsuwa, sai ta ɗauko shi daga jaka. Ta goge na kwamfutar yana tsaye a kanta. Faifan kuwa ya karya shi biyu ya jefa a wutar da ke ƙarƙashin gangar Sa'a. Ya narke yana wari. Sa'a ta tura ɓuntu a kai. Ba hurumin uwa ba ne ta yi wa 'yar fari roƙo.

Kafin magariba labari ya gama gari. Washegari Zuliha maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Sa'a, ashe kin iya sunan? Mu nan muna ta Malam-Malam, ke kin wuce wurin."

"Ki zo ki kwashe shinkafarki, ta bushe."

"To ranki ya daɗe. Kada a ce in tashi in ba da wuri."

Sa'a ta haɗiye. A bakin inji ma an ce haka yara ke yi, ɗaya ya maƙe murya ya faɗa, sauran su bushe da dariya. Baballe ya daina zama a dandali.

Khaulat ta yi ta zuwa shagon mai kiran waya, tana neman wata murya. Ƙawayenta mata suna cikin jarrabawa, kuma da suka ji abin da ya faru babu wadda ta yarda. Namiji kuwa, ba za ta rufe ɗaki da wani ƙato kwana da kwanaki ba, ko da ya yarda. Malamin ya ce umarnin da ta rubuta yana nan, bai lalace ba, amma na'urar magana da ba ta magana ba abin da zai kai gaban malamai ba ne. In ba ta samu wata murya ba, ta dawo da kwamfutar ranar Litinin. Ta dawo gida ta shiga ɗaki. Sa'a tana jin ta tana ninke kaya. Ba ta yi kuka ba, ko kuma ta yi ba a ji ba. Tuwon da aka kai mata haka aka fito da shi.

Sa'a ta san abin da zai biyo baya. Baballe ya riga ya faɗa a gaban yayansa cewa babu ƙari, kuma bayan abin da ya faru a zaure ba zai iya janyewa ba. Shekarun nan duka za su tafi kamar ba a yi ba.

Ranar Asabar ce ranar da ake sako wa gonarsu ruwan kanal. Duk wanda ya bari layinsa ya wuce sai wani mako, ga tumatir ya nuna yana jiran tsinka. Baballe ya dawo daga masallaci yana sauri. Sa'a ta kawo koko ta durƙusa ta ajiye, amma ba ta tashi ba.

"Malam."

"Na'am."

"Muryar mace aka ce ba ta fita."

"Haka Yaya ya ce."

"Ta namiji fa?"

Ya ɗago daga kwanon ya dube ta.

"Wane namijin?"

Ta zuba masa ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Ni? Ke Sa'a, kina cikin hankalinki? In zauna ina ta-ta-ta kamar jariri, tumatir na ruɓewa a gona?"

"Mudassiru yana da hannu, ya je ya tsinke. Shi ya ɓata."

"Ki bar maganar tumatir. In wani shaƙiyyi ya zauna ya sa ni na zagi Yaya fa? Ko liman?"

"Zai iya."

"Kin sani, kike cewa in bayar?"

"Na sani. Ai ni na riga ka ji."

Ya ture kwanon. "Wai me ya dame ki da karatunta? Tun da ta fara ba ki taɓa tambayar ajin da take ba."

Nan ne Sa'a ta sunkuyar da kai.

"Ni ban ce komai a kan kowa ba," in ji ta. "Maganar murya nake yi. Da izininka aka ɗauki tawa, da izininka aka ƙona. Ban yi musu ba. Yanzu wurin ya zama fanko, kai ne mai gidan."

Baballe ya miƙe, ya saɓa fartanya, ya ɗauki kekensa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kokon ma bai shanye ba.

Sa'a ta hura wuta. Ta ɗora ganga, ta sauke, ta ɗora wata. Duk motsin da ta ji a zaure sai ta ɗaga kai: almajiri ne mai kawo shanshera, akuya ce, yaran maƙwabta ne. Hantsi ya yi, rana ta take. Khaulat ta fito da jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce gara ta bi motar yamma ta kwana a makaranta. Sa'a ta ce wa ƙanwar yarinyar, ba ita ba, "A ce wa waccan ta bari a yi azahar." Aka yi azahar. Khaulat ta sa hijabi, ta rataya jakar kwamfuta. Ta durƙusa daga nesa.

"Inna, zan tafi."

Sa'a ba ta da sauran abin da za ta riƙe ta da shi. Ta ce, "To."

A zaure suka yi kiciɓis. Baballe ne, laka har gwiwa, ya jingine keke. Ya dubi jakar, ya dubi 'yarsa.

"Ina abin yake?"

"Wanne, Baba?"

"Abin da ake magana a ciki. Kwana nawa zai ci?"

Ta ce in ya jure zama, mako ɗaya zai iya isa, don yanzu ta san hanya.

"To ki ji. Babu mai taɓa shi sai ke. Ko malaminku ne, ke za ki rubuta. Kuma ranar da kika gama, ki goge. Kin rantse?"

"Na rantse, Baba."

"Bari in wanke ƙafa."

Ya bar Mudassiru a bakin kanal da bututun jan ruwa a hannu, da umarnin ya tsinke tumatirin ya kai kasuwa, kuma kada ya kuskura ya ɗauki la'ada.

Aka mayar da barguna. Sai dai gida da rana ba shiru yake ba. Muryar Baballe tana da kauri amma ba ta da kaifi irin ta matarsa, ƙaramin motsi sai ya danne ta. Tartsatsin wuta yana shiga, karon matauri da ganga yana shiga. Khaulat ta fito ta tsaya tana murza hannu, ta kasa faɗa. Sa'a ta gane. Ta ɗebo ruwa ta kashe wutar, da shanshera a jiƙe tana jira. Ta sa aka kora kaji da awaki bayan gida. Sai ga lugude daga gidan Zuliha, tim, tim, har ƙasa na amsawa.

Sa'a ta yafa mayafi. Tun ranar zaure ba ta taka ƙofar kowa ba. Ta shiga ta yi sallama, mata uku suna kan turmi.

"A'a, yau manya ne a gidan namu? A ba ta wuri, kada ta faɗa da kanta."

Suka yi dariya. Sa'a ta tsaya har suka gama.

"Alfarma na zo nema. Ku ɗaga dakan nan zuwa bayan la'asar, na mako ɗaya."

"Saboda me?"

"Malam yana magana a na'ura."

Zuliha ta saki taɓarya. "Shi ma? To shi sunan wa zai kira?"

"Ki tambaye shi in ya fito. Za ku ɗaga ko ba za ku ɗaga ba?"

Suka ɗaga. Haka ta bi gidajen da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya, ko'ina sai an yi mata irin wannan kafin a yarda. Ta dawo ta zauna a bakin gangarta mai sanyi. Daga cikin ɗaki tana jin 'yar tana faɗa, uban yana maimaitawa.

"Tabata."

"Tabata."

"Baba, a hankali, kada ka ja ƙarshen."

"To yaya na ce? Ba haka kika ce ba?"

"Sake dai."

Sau biyu yana fitowa a fusace yana cewa ya fasa, ya zagaya tsakar gida, ya sha ruwa, ya koma. Dattijo ya aiko a kira shi, ya ce a faɗa masa yana zuwa, bai je ba sai da aka gama. Da ya je ɗin, abin da suka yi ba a sani ba, amma Dattijo bai ƙara cin abinci a zauren ƙanensa ba har babbar salla. Shanshera da Sa'a ta jiƙa ta yi tsami, masu ita biyu suka ɗauke cinikinsu suka kai wani gida, ba su dawo ba.

Khaulat ta koma makaranta da abin da ta samu. Ranar da za ta kare aikin, Baballe bai je gona ba. Ya zauna a tsakar gida da wayarsa a cinya, yana yi wa kowa faɗa. Sa'a tana bakin wuta, ta ba shi baya. Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara.

"E. E, ina ji. Me na ce musu? Gaisuwa kawai? To. Sun yi dariya? A'a, faɗa mini gaskiya." Ya yi shiru yana saurare. "Kaushi? Wa ya ce? To shi wace irin murya gare shi?" Ya sake yin shiru. "Kin goge? Yanzu, ina kan wayar. To. Allah ya yi miki albarka."

Ya ajiye wayar.

"Ta ci. Ba da maki mai yawa ba, wai muryar tana da kaushi, wasu kalmomin ba sa fita. Amma ta ci."

Sa'a ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da tura ɓuntu.

Khaulat ta yi hidimar ƙasa, daga baya ta samu aikin fassara a Kaduna, tana Faransanci da Hausa, kwamfutar kuma ba ta rabu da ita ba. Sa'a ta ci gaba da turara shinkafa har gwiwoyinta suka ƙi, ta bar wa matar ɗanta gangar. Tsokanar ba ta mutu da wuri ba. Shekaru bayan haka, a gidan biki ko suna, in ta shigo sai wata ta ce a tashi a ba ta wuri. Takan zauna a wurin da aka ba ta.